Ƙaramar kwamfuta mai araha don mai yawan tafiya: a saya ko a haƙura?

Bafatake_Kano
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masu sani. Aikina na zagaye ne, ina duba lissafin wakilan da ke sayar mana da kaya a Katsina, Funtuwa, Gusau, wani lokaci har Maraɗi, kuma duk a motar haya. Kwamfutar da nake ɗauka mai inci 15.6 ce, ita da cajarta sun doshi kilo uku, ga shi ba ta riƙe wuta. In aka matse mu huɗu a baya, jakar tana kan cinyata tun daga tasha har sauka. Aikin da nake yi da ita bai wuce Excel da Word da aika imel da buɗe PDF ba. Wani abokin aikina ya ce in sayi irin ƙananan nan masu inci 11, wai ba tsada ba nauyi. Ƙanena kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, wayata ta isa. Don Allah wanda ya taɓa yawo da irinsu ya gaya mini gaskiya.

Abba_Gayu
Wa alaikumus salam. Ƙanenka ya fi abokin aikinka gaskiya. Duk abin da ka lissafa waya tana yi. Ka ƙara kuɗin ka sayi waya mai kyau, ka huta da jaka baki ɗaya.

Maman_Hanif
Abba, da alama ba ka taɓa cike lissafin Excel mai layi ɗari biyu a waya ba. Ni akanta ce. Waya ta duba ce, ba ta aiki ba. Ka ja nan ka ja can, kafin ka kai ƙarshen layi ka manta sunan wanda ke farkonsa, yatsa ya zame ka zuba adadi a gidan da ba nasa ba, kuma kuɗin mutane ne. Malam Bafatake, ka sayi ƙaramar, amma ka san wacce za ka saya, don ba dukkansu ne na kirki ba.

Abba_Gayu
To Anti, na sallama a kan Excel. Amma a kan sauran ina nan kan bakana.

Tsohon_Injiniya
Wannan muhawarar ta tuna mini da zamanin da aka yi yayin su. Yaran yanzu ba su san shi ba. A ƙarshen 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wata mai suna Eee PC 701. Allonta inci 7, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, ma'ajiyarta gig 4 kacal, ba ta da wurin sa faifai, kuma da Linux ta zo, wato manhaja ta kyauta da ke madadin Windows. A Amurka dala 399 aka sayar da ita, a lokacin da duk wata kwamfuta mai irin wannan rashin nauyi ta manyan mutane ce saboda tsada. Mutane suka yi mata caa. Da Intel ya fito da injin Atom a 2008 sai kowa ya shiga: Acer da Aspire One, HP da Mini, Dell, Samsung, duk suka yi tasu, allon ya tsaya a inci 10, aka koma sa musu Windows XP.

Matafiya su ne suka fi son su, kuma dalilin a bayyane yake. Kafin nan mai tafiya zaɓi biyu gare shi: ko ya saɓi babbar kwamfuta, ko duk garin da ya sauka ya nemi kafe ya biya kuɗin awa, ya buɗe akwatin imel ɗinsa a kwamfutar da bai san abin da aka dasa mata ba. Sai ga wadda za ta shige jakar hannu, ka kwafe hotunan kyamararka a ciki, ka yi rubutu a ɗakin masauki, in ta ɓata ba ka yi asarar albashin wata uku ba. Ni da irinta na yi aikin duba turakun sadarwa a ƙauyuka, kuma ba ta ba ni kunya ba, muddin dai ban buɗe abu uku a lokaci ɗaya ba.

Abin da ya kashe su: iPad ta fito a 2010, wayoyi suka yi girma suka yi ƙarfi, su kuma aka bar su da rauninsu. A ƙarshen 2012 Asus da Acer suka daina ƙera su.

Malamin_Firamare
Ranka ya daɗe Injiniya, ka tsallake wani abu. Ba Asus ne ya fara tunanin ba. Tun 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya kawo shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wadda aka riƙa kira kwamfutar dala ɗari. A Tunis aka nuna samfurinta a wannan shekarar, da Kofi Annan a wurin. 'Yar kore da fari ce, mai kunnuwa biyu. Kuma mu abin ya shafe mu kai tsaye, don a 2007 an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ba ta taɓa saukowa dala ɗarin ba, kusan ɗari biyu ta tsaya, amma ita ta farkar da manyan kamfanoni cewa akwai kasuwa a ƙaramar kwamfuta mai araha.

Tsohon_Injiniya
Haka ne Malam, amma waccan gwamnatoci ake sayar wa don yara. Ni maganar wadda mutum zai shiga shago ya saya ya jefa a jaka nake yi.

Zee_Kaduna
Ni dai abin da na tuna da su shi ne Windows 7 Starter da ko hoton fuskar allo ba ya barin ka canza. Ta babbar yayata ke nan. Kafin ta gama buɗewa ka yi alwala ka dawo.

MaiGyara_FarmCentre
Tarihi ya yi daɗi, amma bawan Allah kasuwa zai shiga. Bari in yi masa bayani a matsayina na wanda kullum ake kawo wa su a lalace.

Ƙananan da za ka tarar iri uku ne, kuma masu shago ba za su bambance maka ba.

Na farko sababbi fil a kwali, masu inci 11.6, masu launi mai kyau, da injin Celeron, wato ƙaramin injin Intel mai araha. Su abokin aikinka yake nufi. Ka duba takardar jikinsu. In ka ga ma'ajiya gig 32, ka ajiye ka yi gaba. Windows kaɗai zai cinye fiye da rabi, ranar da ya zo sabunta kansa sai ya ce ba wuri, kuma ma'ajiyar a manne take da allon injin, ba a cirewa a sa babba. Ram ɗin, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ma haka, in gig 2 ne ko 4 a haka za ta mutu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma su waɗannan da yawa ba su san rariya suka saya ba sai bayan wata biyu.

Na biyu Chromebook, mai aiki da manhajar Google maimakon Windows, wannan zan bar wa masu son su su yi magana.

Na uku su ne na hannu da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su aka kwaso: ThinkPad X260, X270, X280, ko Latitude 7280 da 7290, ko EliteBook 820. Duk inci 12.5 ne, nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, jikinsu da ƙwari don dama don ma'aikata masu yawo aka yi su. Ana canza musu ma'ajiya, wato SSD, ana samun batirinsu da madannansu a kasuwa. Sau da yawa kuɗinsu bai fi na sabuwar Celeron ɗin da wani abin kirki ba. Ni a nan zan sa kuɗina.

Bafatake_Kano
Allah ya saka da alheri Mai Gyara. Nawa suke kaiwa yanzu?

MaiGyara_FarmCentre
Ba na rubuta farashi a nan, Yallaɓai. Tun da aka saki naira a 2023 abin da na faɗa yau gobe ƙarya ne, sai a zo a ce na yaudari mutane. Ka zaga shago uku ko huɗu a nan kasuwar Farm Centre ta Kano, ka leƙa Beirut Road, sannan ka yanke.

Ummi_BUK
Ni Chromebook nake amfani da ita kuma ba na jin zan koma. Ka buɗe murfi kafin ka gyara zama ta tashi. Batiri yana kai ni wuni guda a makaranta. Waɗanda aka yi don 'yan makarantar Amurka, kamar Lenovo 100e ko Dell 3100, gefensu roba ne mai kauri don yara suna yar da su, to ka ga ta dace da motar haya. Ba ruwanka da ƙwayar cutar da filashi ke kwasowa daga shagon buga takardu. Kuma in an sace, ka shiga da adireshinka a wata, komai naka yana nan.

Sadiq_Netwok
Komai yana nan in akwai sabis. Ummi, kina cikin Kano. Mutumin nan tsakanin Funtuwa da Gusau yake yawo.

Ummi_BUK
Google Docs da Sheets suna aiki ba intanet in ka kunna wannan tsarin tun kana gida. Mutane suna maimaita abin da suka ji tun 2011 da aka fara fito da su, an wuce nan.

Sadiq_Netwok
Na sani. Amma ga abu biyu da ba ki faɗa ba. Ɗaya, kowace Chromebook tana da ranar da Google ke daina sabunta ta. A 2023 sun ce waɗanda aka ƙera daga 2021 za su samu shekara goma, amma da yawa daga cikin waɗanda ke zube a kasuwanninmu sun girmi haka, shi ya sa ma makarantun can suka rabu da su. Biyu, wasu har yanzu a ɗaure suke da sunan makarantar da ta saye su. Ko ka goge komai, da ta ga intanet sai ta nemi adireshin ɗalibin makarantar. Maƙwabcina ya saya wa 'yarsa irin wannan, mai shagon ya nuna masa a yanayin baƙo tana aiki, aka je gida ta ƙi. Duk mai saye ya sa a goge ta a gabansa, a haɗa da intanet, ya shiga da nasa adireshin kafin ya miƙa kuɗi.

Dan_Damagaram
Ina gaida mutanen Najeriya. Tunda ka ce kana shigowa Maraɗi, in ƙara maka abu biyu. Soket ɗinmu masu zagayen rami biyu ne irin na Faransa, naku mai kai uku ba ya shiga, to ka riƙa tafiya da ɗan abin haɗawa. Cajar kanta ba matsala, duba jikinta za ka ga an rubuta 100 zuwa 240. Na biyu, kar ka ga araha a nan ka saya ba ka kalli madannan ba. Yawancin na hannu da ke zuwa mana daga Faransa suke, jerin baƙaƙensu AZERTY ne, A tana wurin Q, kuma sai ka danne wani maɓalli kafin lamba ta fito a layin sama. Mu mun saba. Kai mai lissafi sai ka yi kuka.

Marubuciya_Zariya
Tunda an zo kan madannai: ku yaya kuke rubuta ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta? A waya Gboard ya sauƙaƙe, a kwamfuta ne nake shan wahala, kwafa nake ina mannawa.

Sadiq_Netwok
Windows yana da tsarin madannan Hausa, ki shiga wurin harsuna ki ƙara shi. Ba sai kin sauke komai daga wani wuri ba.

Dan_Damagaram
Ki tabbata har da ƴ tamu ta Nijar, ba 'y ɗinku kaɗai ba.

Alhaji_Guangzhou
Ku bar maganar baƙaƙe mu koma kan tafiya. Ni ta jirgi nake yi, kuma a can ne za ka san darajar rabin kilo. Yawancin jiragen da muke bi kilo 7 suke ba ka a jakar hannu. In kwamfuta da caja suka ci uku, me ya rage? Kuma ba a sa ta a akwatin da ake aunawa, yadda ake jifa da kaya ba sai na faɗa ba. Haka fawa banki: doka ce sai a hannu, kuma kar ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Mai mAh 20,000 wajen wat-awa 74 yake, ba matsala. Mai 27,000 yana bakin iyaka. Manyan nan masu 50,000 da ake yayi saboda rashin wuta, a filin jirgi za ka bar shi.

Ga Ummi kuma: duk mai zuwa Sin kar ya dogara da Chromebook. Google a toshe yake a can, Gmail da Docs da komai nasu. Na ga yaro ɗan kasuwa ya zo da ita ya zauna yana kallon ta. Ni ƙaramar Windows nake ɗauka, takardun odar kaya da hotunan samfuri duk a cikinta suke, ba na jiran sabis ɗin kowa.

Hajiya_Saudat_Kaya
Alhaji ka tuna 2017? Amurka ta hana shiga da kwamfuta cikin jiragen da ke zuwa ƙasarta daga filaye goma, har da Dubai da Jidda da Alkahira da Istanbul, sai dai a akwati. Wata huɗu aka yi ana haka kafin su janye. Masu tsadaddun kwamfutoci su ne hankalinsu ya tashi a lokacin. Shi ya sa ni kullum nake cewa kayan tafiya kar ya zama abin da in ya salwanta za ka kwanta ciwo. Ga masu zuwa Umara kuma, soket ɗin Saudiyya galibi irin namu ne mai kai uku.

Barista_Jos
Hajiya ta taɓo asalin maganar. Amfanin mai araha ba rashin nauyi kaɗai ba ne, kwanciyar hankali ce. Za ka iya barin jaka a mota ka je ka yi sallah ba zuciyarka na dukan uku-uku ba. Sai dai ku lura, ba ƙarfen ne mai tsada ba, abin da ke ciki ne. Malam Bafatake lissafin mutane yake ɗauke da shi, sunayensu da bashin da ake bin su. In ɓarawo ya ɗauka ya cire ma'ajiyar ya sa a wata kwamfutar, kalmar sirrin da ka sa a bakin shiga ba ta hana shi komai ba. Ka sa a kulle maka ma'ajiyar gaba ɗaya, a Windows Pro sunan abin BitLocker, kuma ka rubuta mabuɗin ka ajiye a gida. Sannan kowane dare ka kwafe aikin ranar a filashi, filashin kuma a aljihu, ba cikin jakar ba.

Abba_Gayu
Kuma ka riƙe rasit a jakar. Mu matasa an sha tare mu a hanya, da an ga kwamfuta sai tambaya ta tashi, ta wace ce, me kake yi da ita, buɗe mu gani. Wani dalilin ke nan da ya sa na ce waya.

Barista_Jos
Rasit kam dole, mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar. Yana kare ka daga wannan, yana kuma kare ka in ta hannun da ka saya ta zamo ta sata.

Baba_Mai_Ritaya
'Ya'yana, ba wanda ya tambayi mai tambayar shekarunsa. Ɗana ya kawo mini mai inci 11, ya ce Baba ga ta ba nauyi. To ba nauyi a kafaɗa, amma nauyin ya koma ido. Rubutun ƙanana, in na ƙara musu girma rabin shafin ya ɓuya. Yatsuna kuma in na danna ɗaya sai biyu su fito. Wanda ya haura hamsin ya zauna a shagon ya rubuta shafi guda da tabaransa kafin ya biya.

Bafatake_Kano
Baba ban kai hamsin ba tukuna, amma tabarau kam ina sawa. Wani abu da ya kamata ku sani: takardar Excel ɗin ofishinmu tana da maɓallan da ake dannawa ta haɗa rahoto da kanta, wani ma'aikacinmu ne ya tsara. Za ta yi aiki a Chromebook?

Maman_Hanif
Ba za ta yi ba. Makro ke nan, kuma sai cikakken Excel na kwamfuta. A Sheets ko Excel na burauza takardar za ta buɗe, amma maɓallan ba za su motsa ba. Waya ma haka, Abba ka ji. Magana ta ƙare, Windows za ka saya.

Ummi_BUK
To a nan kam ba ni da ta cewa. Amma ga wanda rubutu da bincike kawai yake yi, ina nan kan Chromebook.

Linux_Ko_Mutuwa
Magana ba ta ƙare ba Anti. Wane Windows? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman ram gig 4, ma'ajiya gig 64, da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a injinan Intel daga zubi na takwas yake karɓa. X260 da X270 da Mai Gyara ya lissafa zubi na shida da na bakwai ne. Ke nan a hukumance sun faɗi. Ni shawarata ga duk mai tsohuwar ƙarama: ya sa mata Linux Mint, ya yi aiki da LibreOffice a madadin Word da Excel, za ta dawo kamar sabuwa.

Maman_Hanif
Ka karanta abin da ya ce kuwa? Makro na ofis. In LibreOffice ya birkita masa rahoto a Gusau, kai za ka je ka gyara?

MaiGyara_FarmCentre
Ɗan Linux yana da gaskiya a rabin farko. Ga yadda za ka gane: ka duba lambar da ke bayan i5 a sunan injin. In ka ga 8250U ko 8350U, zubi na takwas ke nan, ta wuce. In 6 ko 7 ce a farko, za a ce maka "ai mun sa mata 11". Eh ana sawa ta bayan gida, muna yi kullum, amma ba alkawari za ta ci gaba da samun sabuntawa. X280 galibi ta takwas ce, sai dai ram ɗinta a manne yake, to ka nemi mai gig 8 ko 16 tun farko. Abin da na fi so a X260 da X270 shi ne batiri biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Ga mai zuwa garin da ba wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. X280 ba ta da shi. Kowacce da inda ta fi.

Sadiq_Netwok
A kan batirin ta hannu, kar ka yarda da "tana yin awa shida". Ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage. In ya ragu da rabi ka cire kuɗin sabo daga ciniki. Sannan ka nemi mai caji ta USB-C. Da caja ɗaya mai wat 65 za ka caja kwamfuta da waya, kuma fawa bankin da ke fitar da wat 45 ko fiye zai iya ɗaga ta a mota. Mutane suna auna kwamfuta su manta da caja, alhali tsofaffin cajojin nan da igiyoyinsu su ma kaya ne.

Tsohon_Injiniya
Bari in ɗan kare Celeron ɗin da aka yi wa taron dangi. Irin N4020 wat 6 kawai yake ci, shi ya sa yawancinsu ba su da fanka. Ba fanka, ba zuƙar ƙura. Duk wanda ya buɗe kwamfuta bayan hunturu ya ga abin da ke toshe a bakin fanka ya san me nake nufi. Kuma sabuwa ce, batirinta sabo. In mutum ya samu mai ram gig 4 da ma'ajiya 64 ko 128, aikinsa rubutu ne da ɗan lissafi, za ta yi masa. N100 da ya fito a 2023 ma ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba kowa ne ke da wanda zai raka shi ya tantance ta hannu ba.

MaiGyara_FarmCentre
Ranka ya daɗe, fanka ana busawa a minti goma. Maƙalar murfin roba in ta karye fa? Su ne suka cika mini shago. Jaka a cinya, mutum huɗu a baya, wani ya jingino da buhunsa, allo ya tsage. Na kamfanonin nan da gangan aka ƙarfafa murfinsu.

Tsohon_Injiniya
Kai waɗanda suka lalace kake gani. Masu lafiya ba sa zuwa wurinka.

Zee_Kaduna
Ba wanda ya ambaci MacBook Air M1. Kilo 1.29, ba fanka, batiri har ka gaji.

Abba_Gayu
Hajiya Zee, "mai araha" aka ce. Dala 999 aka fito da ita a 2020. Ko ta hannun ce, ki kai ta tashar Gusau ki gani ko za ki iya runtsawa.

Dan_Jarida_Bauchi
Na gwada hanyar tsakiya, wato tablet da madannan da ake haɗawa ta Bluetooth. A kan tebur lafiya lau. A cinya ba ta zama, allon yana faɗuwa baya da mota ta faɗa rami, kuma abu biyu ke nan da za ka tuna ka caja. Na koma ƙaramar kwamfuta. Mu da muke aiko da rahoto daga inda abu ya faru, a kan benci ko bakin masallaci muke rubutu, abin da ke tsayawa da kansa a kan gwiwa shi ne namu. Amma gyaran bidiyo kam ban taɓa tsammanin ta yi ba, wannan sai an dawo ofis.

Hajiya_Saudat_Kaya
Abin da na lura, duk masu yaba ta suna da wata babba a gida ko a ofis. To ga wanda ita ce za ta zama tasa tilo fa? Shi ma ku ce ya saya?

Maman_Hanif
Shi ya ɗauki inci 13 ko 14. Bambancin nauyin ba shi da yawa yanzu, kuma ido zai huta. Malam Bafatake ma in da zai ji tawa ya ɗaga EliteBook 830 a hannu ya ji kafin ya yanke, don Excel yana son faɗi.

Bafatake_Kano
Na gode ƙwarai jama'a. Chromebook da waya dai sun fita saboda takardar ofis. Saura tsakanin ta hannun Mai Gyara da sabuwar Injiniya, ga kuma Maman Hanif ta ƙaro inci 13. Ranar Asabar zan shiga kasuwa da filashi mai ɗauke da takardar, in gwada a kowacce.

MaiGyara_FarmCentre
Kar ka sa filashin aikinka a kwamfutar shago, ka kwafa a wani daban wanda ba komai a ciki, kuma ka cire sunayen mutane. Ka tafi da caja mai USB-C mai wat 65 ka gwada ramin, don akwai masu ramin amma ba sa caji ta nan. Ka kuma sa a shiga BIOS a gabanka, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, wasu suna zuwa da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su, cire ta aiki ne.

Malamin_Firamare
Tunda masana suna nan: irin waɗannan za su yi wa yarinya mai shirin JAMB ta riƙa gwajin tambayoyi? Ba tafiya za ta yi da ita ba.

Ummi_BUK
Malam ka fara duba manhajar gwajin da za ta yi amfani da ita. In ta Windows ce kaɗai, kar ka saya mata irin tawa.

Linux_Ko_Mutuwa
Ko ka kawo tsohuwar da ke gida in sa mata Mint kyauta.

Maman_Hanif
Kai dai ba ka gajiya.